Minti Tara a Gonar Yangoji

Aikina a ofis shi ne tsabtace bayanai. Muna da wata na'ura da aka binne a wata gona a Yangoji, tana auna motsin maganaɗisun duniya. Can sama, inda iskar da rana ke hurowa take karo da wannan maganaɗisu, wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji kan sami mugun gudu. Tauraron ɗan'adam ne ke ƙirga su, na'urarmu kuma ta ji girgizar daga ƙasa. Aibinta ɗaya, ba ta bambanta rana da fartanya. Duk wanda ya matso da ƙarfe a jikinsa sai layin awon ya yi tsalle, ni kuma in bi in goge.

Mijina ne mai zuwa duba ta duk Talata. Ƙa'ida ce a ajiye agogo da makullai nesa, shi kuwa mantuwa ta yi masa katutu. Na yi faɗa har na gaji. Yakan ce, "To Hajiya, in ban ɓata ba, me za ki gyara?"

Wata Talata yana dawowa daga gonar ya yi hatsari, Allah ya karɓi abinsa.

Da na fita takaba na koma aiki, oga ya kira ni. Ashe a ranar da mijina ya rasu an yi karo mai ƙarfi can sama, ana so a haɗa awonmu da na tauraron. "Madam, akwai wani noise wajen ƙarfe goma," in ji shi, yana nufin irin tsallen nan na layin awo. "A cire shi kafin Friday, please." Bai lura da wace rana ce ba.

Na buɗe. Ga shi nan, minti tara. Na ga inda mijina ya matso, layin ya hau. Na ga inda ya tsuguna. Ya tashi ya tafi, sai kuma ya dawo na rabin minti. Me ya manta? Babu wanda zan tambaya. Hotunansa duk a tsaye suke, nan kuwa tafiya yake yi. Kwana biyu ina kallo, hannuna ya ƙi gogewa.

Ranar Alhamis da hantsi na goge shi. Kwamfuta ta haɗe layin sumul, kamar babu wanda ya je gonar a wannan safiya. Oga ya duba, ya ce bai taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba. Na ce masa na gode.