Tsuntsun Malam Mamuda

Ranar Asabar, in dai ba ƙanƙara ce ta rufe hanya ba, Malam Mamuda yana idar da sallar asuba sai ya ɗora ruwan shayi. Filas biyu yake cikawa, ɗaya da sukari ɗaya babu, don masu ciwon suga sun fi yawa a fasinjojinsa. Ya ɗauki tabarma da buta da wani tsohon madubin hangen nesa wanda igiyarsa ta sha ɗinki, ya tada mota daga garin Lanham, a nan Amurka. Sai bin gidaje: wannan a Annandale, wancan can ƙololuwar bene a Alexandria. Fasinjojin duk iyayen mutane ne, tsofaffin da 'ya'yansu suka ɗauko daga gida, wata ta zo jego, wani ya zo ganin likita, aka bar su da talabijin da taga. In mota ta cika sai ya miƙi hanyar kudancin Maryland, zuwa gaɓar ruwan Chesapeake.

Sauran ranakun mako direba ne, yana kai marasa lafiya asibiti. A nan abin ya samo asali, shekaru da dama da suka wuce. Ya ɗauko wani dattijo, Alhaji Maitama, mahaifin wata likita, sai tsohon ya ce masa, "Ɗana, ka san tun da na zo garin nan ban taka ƙasa ba? Daga kafet sai siminti, daga siminti sai mota. Anya mutanen nan suna da ƙasa kuwa?" Malam Mamuda ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai. Shi ɗan Yawuri ne, a bakin Kwara ya tashi, kuma in kewar gida ta taso masa yana da wurin da yake zuwa ya kalli ruwa shi kaɗai. Asabar ɗin da ta biyo ya kai Alhaji can. Tsohon ya tuɓe takalmi ya tsaya cikin rairayi. Da suka dawo ya ba abokansa labari, mako na gaba mota ta cika.

Duk wanda ya taɓa bin sa ya san hanyar nan kamar hanyar gonarsu. A ajiye mota, a ratsa kurmi da ƙafa, a bi gefen fadama inda kififiya ke jeruwa a kan kututture suna shan hantsi, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, wani lokaci barewa ta gilma. A iso wata tsohuwar rumfar katako ta shanya taba, a nan yake tsayar da kowa. "Bayi ne suka noma taba a ƙasar nan," in ji shi. "Wa ya sani, ƙila a cikinsu akwai ɗan ƙauyenku." Sai a ɗaga hannu a yi musu addu'a. Baba Chuwang, mutumin Jos, ya cire hula ya yi tasa irin ta coci, kowa ya ce amin. Daga nan sai hawa, har saman tudun da ƙasa ta ƙare tsaf kamar an yanka da wuƙa. Can ƙasa ruwa ne iya ganinka, jikin tudun ja da rawaya kamar tsohuwar ganuwa, kowace damina tana ci. Daga jikinsa ne haƙoran manyan kifaye na da can suke zubowa bakin ruwa, tsofaffin mata su tsince su ƙulle a bakin mayafi, tsarabar jikoki. Shi kuwa bakinsa ba ya hutawa: "Hajiya, ja da baya! Gefen nan ba shi da amana."

Amma ba sanin hanya ne ya sa muke masa wannan jinjina ba. Malam Mamuda jagora ne da ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba. Kullum shi ne a ƙarshen layi, bayan wanda ya fi kowa nauyin ƙafa. Kuma ya san halin tsofaffinmu, gara su faɗi da su ce sun gaji a gaban mutane. To da ya ji numfashin na gabansa ya fara sama-sama, sai ya ɗaga madubin nan ya kafa a ido ya ce, "Ku tsaya! Ga wani tsuntsu can!" Kowa ya tsaya yana leƙen sama. Wani lokaci da gaske ne, shahon nan mai kamun kifi ne ko gaggafa mai farin kai. Sau da yawa kuwa, wallahi ko sauro babu. Sai mai gajiya ya huta da mutuncinsa, sannan Malam ya ce, "Ash, ya tashi," a ci gaba.

Hajiya Kaltum, 'yar Zinder, ta fi kowa cin moriyar tsuntsun nan. Jego ta zo yi wa surukarta, zama ya kama ta. Ranar farko da takalmin gudun ɗanta Rilwanu ta zo, tana tafe tana faɗa da shi, tana faɗa da hanya, tana faɗa da wanda ya ƙirƙiro hawa tudu. Baki gare ta, ba ta raga wa kowa, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar tsuntsun ba.

Bana gwiwa ta ci amanar Malam Mamuda. Likita ya ce tuƙi ya ƙare, shi ma ya yanke shawarar komawa Yawuri kafin sanyi ya shigo. Abu ɗaya ya rage masa a rai: ya sake tsayawa a saman tudun nan ya kalli ruwan da ya yi masa maganin kewa duk tsawon zamansa. Ranar Asabar ɗin ban kwana Rilwanu ne ya tuƙa motar, wasu motocin suka biyo baya, don har 'ya'yan tsofaffin sun ajiye aiki sun zo. Ganye ya yi ja, shahon ruwa duk sun yi ƙaura. Malam ya lallaɓa har rumfar taba, aka yi addu'a. Da aka zo gindin hawa sai ya nemi kututture ya zauna. Baƙin ciki ya cika shi, amma ya yi murmushi.

"Ku je, Rilwanu ya san hanya. Ni zan tsare filas."

"Filas ɗin ƙafa gare shi?" in ji Hajiya Kaltum. "Tashi, Malam. Ba ni madubin nan, ya yi maka nauyi."

Kafin ya yi musu ta zare shi daga wuyansa ta rataya, ta koma bayansa ta tsaya ƙyam. Babu yadda ya iya, ya tashi. Bai yi nisa ba gwiwar ta riƙe, zufa ta karyo masa. Sai ya ji murya a bayansa: "Ku tsaya! Ga wani can!"

Jama'a suka tsaya cak. Likitoci da injiniyoyi da iyayensu, kowa ya ɗaga kai yana kallon sama, wadda take fayau babu ko ɗigo. Baba Chuwang ya kare ido da hannu ya ce, "Kai, wannan babba ne!" Malam Mamuda ya dubi sama, ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ashe duk sun sani. Ashe shekara da shekaru sun sani, suka yi shiru suka bar masa. Hawaye ya zubo masa, bai ko share ba.

"Hajiya, wane iri ne?"

"Irin naka ne, Malam. Huta abinka, bai tashi ba tukuna."

Haka aka hau, tsuntsu na sauka tsuntsu na tashi, har aka kai shi sama. Ya daɗe yana kallon ruwa, aka ba shi shayi mai sukari, ba wanda ya ce masa a tafi. Da za a sauko ya karɓi madubin ya rataya wa Rilwanu, ya ce, "Ba a gaba ake riƙe shi ba." Rilwanu ya koma ƙarshen layi.

Malam Mamuda, ɗan bakin Kwara, kai ne ka fitar da iyayenmu daga bayan taga lokacin da mu aiki ya hana mu ɗaga kai. Kai ne ka sa suka taka ƙasa, suka sha iska, suka koma gida da labarin da ya wuce na asibiti da kanti. Ka rufa wa gajiyarsu asiri, ba ka taɓa neman a ce ka yi ba. Za mu yi kewarka ƙwarai, ba ma ɓoyewa. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sassauta gwiwar nan, ya kai ka Yawuri lafiya.

Saura mu. Kusan kowane benen da muke ciki akwai tsoho ko tsohuwa a bakin taga, kuma motar Rilwanu ba za ta ɗebe su duka ba. Asabar mai zuwa ka ɗauki naka, ka ƙwanƙwasa wa na maƙwabci. Ka bi bayansa, kada ka wuce shi. In ka ji numfashinsa ya fara sama-sama, ka ɗaga kai ka nuna masa tsuntsu.