Bangon Baba Sule bai karkace ba

"Baba Sule, dubi bangonka, ya lanƙwashe!" in ji Alhaji, yana nuna masa hoton a kyamarata.

Gidan haya ne a Kankara, Alhaji ya sa ni ɗaukar hoton ɗakunansa. Baba ne ya gina shi tun shigowar kuɗin fetur. Fuskar tsohon ta canza.

Gabana ya faɗi, don laifina ne. Gilashi mai faɗi na sa wa kyamarar don ɗakin ya fito duka, shi ke lanƙwasa gefen hoto. Na canza shi, na ja baya, na sake ɗauka. Bango ya miƙe sambal.

Baba ya tuntsire da dariya. "Alhaji, ashe injin ne ke neman magini."

Har gida ina murmushi. Ku fa, hoto ya taɓa yi wa aikinku ƙarya?