Zane Ruwan Ɗorawa a Kan Darni

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata lakkol, makarantar boko, a Dogon Dutsi, na shiga kulob ɗin masu tuƙa keke. Ba son motsa jiki ya kai ni ba, gida ne ya ƙi zaunuwa. Matata na da ciki, kuma cikinta na farko a hannuna ya zube, nan cikin gari. Da wannan ya tsufa, mahaifiyarta ta zo da kanta ta tafi da ita ƙauyensu goyon ciki. Ba ni da bakin hanawa.

Ƙauyen yana kan hanyar Tibiri, a gindin wani tudu, ba a samun rezon waya sai an hau can sama. Mai tsohon ciki kuwa ina ita ina hawan tudu. Ga kunyar surukai irin ta Arewa: na kai gaisuwa sau ɗaya, in na yawaita sai a ce ina ganin ba su iya riƙon 'yarsu ba. Sai na koma kamar kazar da ke neman wurin saka ƙwai. In shiga ɗaki, in fito, in ɗora shayi in manta da shi har ya ƙone. Tsoro nake ji, wallahi, tsoron kada abin da ya faru ya sake faruwa ba na nan.

Kowace Lahadi da sassafe muke haɗuwa bakin tasha, 'yan kasuwa da ma'aikata, shugabanmu wani tsohon jandarma. Ni na dame su da cewa hanyar da muke bi ba ta da tudu na kirki, a koma ta wajen Tibiri. Ni ɗin nan da ko gangaren bayan gari sai na yi nishi. Shugaba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai da muke jira kullum?" Amma ya yarda.

Abin da ba su sani ba, ranar da na kai gaisuwa mun ƙulla da matata. Gidansu na bakin hanya. Duk Lahadi za ta shanya zanenta ruwan ɗorawa a kan darni, in na gani na san lafiya take.

Haka muka yi ta yi. Matsalar ɗaya ce, surukina. Kullum yana zaune a tabarma gindin bishiyar bedin ƙofar gida, ni kuwa ga gajeren wando, ga hular kwano, ga gumi. Ina zan tsaya gaban suruki da gwiwoyi a waje? Sai in duƙar da kai in shige tsakiyar mutane, ido ɗaya na kan darni. Na yi ta gode wa Allah da sa'ar da nake yi, don duk sanda muka zo wucewa tsohon ya ba hanya baya, yana gyaran igiya ko sauraron rediyo. In na ga zanen, sai in samu ƙarfin tura kekena zuwa sama, inda sauran ke jirana suna tsiya. Litinin na yi kuma hankalina ya sake tashi.

Wata Lahadi bayan an fara yankan hatsi, muka shawo kwana, na duba. Babu zane. Na sake dubawa, darni fayau, ko tsumma babu. Ƙafafuna suka daina juyawa da kansu, na kusa kayar da na bayana.

Abokina, wani matashin ɗan kasuwa mai gemu da ya sha yi mini wa'azi kan gajeren wandon nan, ya tsaya tare da ni. Ya ce, "Lafiya?" Na ce, "Gidan surukaina ne." Bai ƙara tambaya ba. Ya zaro jallabiyar da yake ɗaurewa a bayan kekensa ya miƙo, ya ce, "Saka. Dama na gaya maka wata rana za ka neme ta."

Na zura ta, ko ƙwaurina ba ta rufe ba. Na cire takalma na je na durƙusa nesa da tabarma, na ce, "Baba, ina kwana." Ashe hular kwanon na kaina, ban sani ba. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi lakkol, ya tambayi mutanen Dutsi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa bakina ya kasa tambayar 'yarsa, 'yar fari ce, shi ma ba ya kama sunanta.

Can ya juya wajen abokina, kamar ba na wurin, ya ce, "Samari, in ka ga abokin nan naku mai kallon darnin mutane, ka ce mishi ya bari, kar ya faɗa rami. Zanen da yake nema an kai shi gidan likita da asuba. Baƙuwa aka yi, da shi aka naɗe ta. Ita da uwar duk lafiya."

Ban san sanda na kifa goshina a ƙasa ba, hular ta buga da ƙarfi. Tsohon ya kau da kai yana murɗa rediyonsa. Ranar ban hau tudun ba, sauran ne suka gangaro suka same ni ina kuka cikin jallabiyar aro.

Baƙuwar nan yanzu ita ke satar kekena. Surukina kuwa ya rasu, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar mini da maganar ba. Sai ranar sadakar bakwai mahaifiyar matata ke gaya mini cewa tun Lahadin farko ya gane ni, kuma shi ke leƙawa cikin gida ya ce a tuna da shanya. Da ya hango kekuna sai ya juya tabarmarsa, don in samu in wuce ban ji kunya ba.

Duk tsawon lokacin nan ina ta murna wai sa'a nake yi, ashe juya mini bayan da yake yi, gaisuwata yake amsawa.