Lif ɗin da Muhandis Muntaka Ya Ƙi Ragewa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, wato sha huɗu ga Janairun 2025, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran Muhandis, wato Injiniya, Muntaka Oumarou a nan Jidda. Zuciyarsa ce ta tsaya yana bakin aiki. Shekarunsa hamsin da uku.

Jama'a sun san shi da zanen dogayen benayen bakin teku, waɗanda attajirai ke sayen gida a cikinsu tun ba a zuba kankare ba. Ni ba ta nan na san ka ba, Muhandis. Ni ne Adamu mai haɗa lif, kuma shekara goma sha tara muka yi muna gardama a kan santimita.

Kana da taurin kai, ba zan ɓoye wannan don ka rasu ba. Ka sha mayar da tirela cike da rodi saboda ka ce gishirin teku zai cinye shi. Ka taɓa sa an fasa banɗaki goma sha biyu don sun fuskanci alƙibla. Amma in ka zo duba aiki, ba ka shiga ofis mai sanyi sai ka bi ta wajen leburorinmu 'yan Chadi da 'yan Nijar, ka dafa tankin ruwansu ka ji ko rana ta dafa shi.

Abin da na daɗe ban gane ba shi ne lif. Kowane bene ka zana, sai ka sa lif ɗin baya ya yi tsawon mita biyu da santimita arba'in. Na ɗauka don kujerun masu kuɗi ne. Wata la'asar muna shan shayi a unguwar Ruwais ka faɗa mini dalili. Mahaifiyarka, Hajiya Haoua, girki take yi wa wani iyali a hawa na tara, kuma can ajali ya same ta. Matakalar ta yi ƙunci, lif ɗin kuma bai ɗauki makara ba. Sai aka naɗe ta a bargo aka tsayar da ita tsaye, kai ka rungume ta don kada ta faɗi, tun daga hawa na tara har ƙasa. Ka ce mini, "Malam Adamu, duk gidan da na zana, wata rana wani zai mutu a cikinsa. Ina so ya sauko a kwance."

Shekara uku da suka wuce aka zo kan benen nan mai hawa arba'in da ɗaya. Mai ginin ya ce a yanke santimita saba'in daga lif ɗin a faɗaɗa ɗakin tufafi na kowane hawa, wai masu saye teku suke son kallo, ba zancen mutuwa ba. Ka ƙi sa hannu. Alhali a Kurayyat ta nan Saudiyya aka haife ka amma takardunka na Nijar ne, kuma kamfanin ne kafilinka, shi ya tsaya maka a kan takardar zaman ƙasa, wato iƙama. Da sun kore ka, iƙamarka ta tafi, da ta matarka da ta 'ya'yanka.

Na same ka na ce, "Haba Muhandis! Halas, ya isa haka, sa hannu. 'Ya'yanka Rumaisa da Surayya ba su taɓa ganin Damagaram ba, Hausar ma da ƙyar suke haɗa ta. Saboda santimita saba'in za ka kwashe su?" Ka ce, "Na sani. Ina jin tsoro wallahi. Amma hannuna ya ƙi." Na fita ina cewa a raina wannan mutum ba shi da hankali. Yau ina jin kunyar wannan magana.

Mako uku kuka yi kai da abokiyar aikinka Muhandisa Ghada kuna sake zanen, kuka matsar da hanyar bututun ruwa, kuka samo wa mai ginin santimitocinsa a wani wuri. Lif ya tsira, iƙama ta tsira. Amma an cire sunanka daga allon da ke ƙofar ginin, aka mayar da kai mai duba aiki. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba.

A hawa na talatin da takwas na wannan benen ka faɗi, kana duba ƙarfen baranda. Ina ɗakin inji aka kira ni. Ma'aikatan motar asibiti suka gama abin da za su iya, suka lulluɓe ka a kan gadonsu. Ɗayansu ya dubi ƙofar lif ya tambaye ni ko gadon zai shiga. Na ce masa zai shiga. Ni na sa makullin lif, ni na sauko da kai. Ƙofa ta rufe ba ta taɓa ƙafarka ba, har da sauran taƙi guda. A kwance ka sauko, Muhandis. Na yi kuka tun daga sama har ƙasa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Rabi'a da Rumaisa da Surayya a gidansu na unguwar Safa, da 'yan'uwa na Kurayyat da na Damagaram. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsaya muku.

Allah Ya jiƙanka, Muntaka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haɗa ka da Hajiya Haoua a Aljanna. Ka yalwata wa gawar mutanen da ba ka sani ba, Allah Ya yalwata maka kabarinka. Amin.