Ƙafar Surukuwata

A shekarar da sojoji suka tattare manyan motocin Tahoua don jigilar dawar taimako, motar da ta rage a unguwarmu ita ce tawa. Ja ce, gajera ƙwarai, kujera biyu rak, irin ta tsere. Wani Bature ne ya ƙetaro Sahara da ita, ya gaji, ya sayar mini. Ni gyaran keken ɗinki ne sana'ata, amma duk abin da ke da noti ina son shi. Mutane sun yi ta mini dariya, wai ko buhun hatsi ba ta ɗauka. Na ce su yi, ai ba kansu na hau ba.

Surukuwata na gidana lokacin. Fari ya kore ta daga ƙauyensu, can bayan Takanamat, amma mijinta ya ƙi tasowa, ya ce ba ya barin sauran awakinshi. Ni da ita kuwa kunya irin ta da. Tun da na auri ɗiyarta ba mu taɓa haɗa ido ba. In na shigo sai ta shige ɗaki, in gaishe ta daga bayan zana, a durƙushe. In tana son wani abu, matata za ta faɗa wa, ita kuma ta faɗa mini, ko da ina nan tsaye ina ji.

Wata safiya wani mai raƙumi ya yi sallama. Ya ce tsoho, mijin surukuwata, na kwance, zawo ya cinye shi, awakin sun ƙare, in ba a ɗauko shi yau ba to sai dai gaisuwa. Ya faɗi haka ya wuce.

Motar kuwa ta kwana biyu tana ba ni haushi. Ambiriyajinta, abin da ake takawa da ƙafar hagu kafin a sa giya, in ka taka sai ya nutse ƙasa ya ƙi dawowa. A ƙarƙashinta akwai wani ɗan tulun ƙarfe kamar lemu, inda mai ke taruwa ya yi ƙarfi, to daga wuyanshi man ke ɗiga. Na shimfiɗa tabarma na shige. Na fara ɗaure shi, ɗigar ba ta tsaya ba. Na zage shi tas, sannan na kwance shi gaba ɗaya. Ashe zoben tagullar da ke bakinshi ne ya taurare. Sabo? A Tahoua ta wannan shekara? Haba! Na jefa shi cikin garwashin murhu har ya yi ja, na tsoma a ruwa ya yi laushi, na mayar, na ɗaure a hankali don kar zaren ya ci. Na zuba man birki. Ko ɗigo babu. Wallahi na ji daɗin hannuna.

Saura fitar da iskar da ta shiga bututun man, kuma wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya na takawa a sama, ɗaya na buɗe ɗan noti a ƙasa. Matata ta tafi layin karɓar dawa tun asuba. Mazan unguwa duk sun tafi biɗar kuɗi bakin teku. Na leƙa titi, ba kowa sai rana. Na dawo na tsaya tsakar gida, mai har gwiwar hannu, raina a ɓace.

Sai na ji murya daga bayan zana, ba da kowa take ba, da iska take magana: "Mi ya hana a tahi?"

Ni ma na amsa wa iska. Na ce ana bukatar ƙafar da za ta taka wani abu.

Can sai ga ta ta fito, ta ja mayafi har hanci, ta nufi motar. Ba ta taɓa shiga ƙaramar mota ba. Ta cire takalmanta a ƙofa kamar mai shiga ɗakin mutane, ta zauna. Na nuna mata abin takawar da tsinken kara, kaina a sunkuye, na faɗa ƙarƙashi da sauri.

Daga nan ne wahalar. Yaya zan ba surukuwata umarni? Na ce, "Da za a taka, da an kyauta." Ta taka ta saki nan take, iska ta koma ciki. Na sake, "Da za a ɗan riƙe..." Ta saki. Zufa ta cika mini ido. Sai na ji ta buga ƙofar motar da tafin hannu.

"Kai ɗan nan! Mutum na can yana mutuwa. Yi magana yadda zan ji!"

Na rufe ido na ce, "Inna, taka!"

"Na taka."

"Riƙe! Kar ki saki!"

"Ina riƙe."

Na buɗe notin, kumfa ta feso mini a fuska, na rufe. "Saki! Sake takawa!" Haka muka yi ta yi, ina ihu tana amsawa, har mai ya fito wankakke. Sai ta ce, "Abin ga ya yi tauri, yana ture mini ƙafa." Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Hanyar ba ta irin motata ba ce. Na kafe a rairayi, na tona da hannu, na sa kara, na fita. Gawar shanu ko'ina gefen hanya. Ambiriyaji dai bai ba ni kunya ba ko sau ɗaya. Na tarar da tsoho a bukka, idonshi ya faɗa, amma ya gane ni. Na ɗauke shi cak, ba nauyi ko kaɗan, na ɗaure shi a kujera da rawaninshi, na dawo da shi Tahoua, na kai shi likita aka sa mishi ruwa.

Da la'asar matata ta kawo uwarta ɗakin da aka kwantar da shi. Na miƙe zan fita in ba su wuri, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce in zauna. Ta duƙa kan mijinta, ta shafa goshinshi, hawaye na zuba, bakinta kuwa na faɗa.

"Kai da taurin kai! Awaki sun fi mu, ko? To buɗe ido ka ji. Motar da ta ɗauko ka, ni da ɗana muka gyara ta."