Silifas ɗin 'yata a jikin katanga

Lokacin muna Lugbe, akwai wata dattijuwa da ke zuwa daga sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro duk Talata tana bin bolar layinmu. Ba ƙarfe ko gwangwani take tsinta ba. Tsinkakkun silifas kawai, ta kakkaɓe ta jefa a buhu.

Wata rana na leƙa ta taga na ga ta ɗauki na ƙaramar 'yata, mai ruwan hoda. Mun taso ana ce mana kada takalminka ya shiga hannun baƙo, da shi ake yi wa mutum sammu. Ina zuwa Islamiyya, na san babu abin da ke samun bawa sai da izinin Allah. Amma a makon yarinyar ta yi zazzaɓi, sai na faɗa wa matan ajinmu. Ban ce na tabbatar ba, "ku dai kula" kawai na ce. Hakan ya isa. Aka daina amsa wa dattijuwar sallama. Maƙwabciyata da ke ba ta ruwan sanyi ta bari. Daga baya maigadin layi ya hana ta shigowa.

Bayan wasu watanni, muna dawowa daga kasuwa ni da yarinyar, muka ga mutane tsaye gaban wata katanga da a da ake jibge shara a gindinta. An share wurin tas. A jikin katangar ga hoton dutse, ga bukkoki, ga gonar dawa, duka da yankakkun silifas aka kafa su. Yarinyar ta ja mayafina.

"Umma, ga takalmina."

Shi ne kuwa, a inda rana ke leƙowa ta bayan dutsen, da alamar da na yi masa da ƙusa mai zafi don kada ya ɓace a makaranta. Rabin hoton ranar babu komai, siminti ne tsirara.

Dattijuwar na zaune da wasu mata suna yanka. Ta gane ni.

"Hajiya, garinmu ne, kafin mu gudo. Kalar rana ce ta yi mana wuya. Layinku akwai yara mata, amma oga maigadi ya ce kar in ƙara zuwa."

Na durƙusa. "Iya, ni ce sanadi." Na faɗa mata duka, ban iya kallon fuskarta ba.

Ta ajiye almakashin ta dube ni.

"Sammu? 'Yar nan, da na iya, ai da yanzu ina ɗakina." Ta ci gaba da yankanta. "Allah ya yafe mana."

Ranar Asabar na miƙe a aji na janye maganata. Na je na sami maigadi ma. Ranar Talata na ajiye ruwan sanyi a bakin ƙofa har la'asar, ba ta zo ba.

Sai na bi gidajen da na ɓata mata suna ɗaya bayan ɗaya, da buhu a hannuna, ina tambayar tsofaffin silifas masu ruwan hoda.