Akushin Tanko

Duk wanda ya san Matameye zamanin soja ya san Tanko mai baki shida. Ba boko ya yi ba, ko ƙofar lakwal bai taɓa takawa ba. Cin rani ne ya koya masa. Ya yi ga-ruwa a Ikko ya kwaso Yarbanci da Turancin kasuwa, ya yi gadi a Kano tare da Buzaye har ya iya zaginsu da bakinsu, ya bi shanu da Fulani, ya yi dako a Maiduguri ya dawo da Barbarci. Amma kowace damina sai ya komo gonarsa, ya komo tabarmar ƙofar gidan Alhaji Illa, dattijon unguwarsu, inda magidanta suke fito da akusansu bayan magariba a yi ciyayya. Tanko yakan ce ya ga teku, ya hau jirgin ƙasa, amma bai ga abin da ya kai wannan tabarma ba. A kanta ubansa ya ci tuwo har ya bar duniya.

Sai aka yi shekarar da gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Nijeriya ta rufe iyaka, 'yan cin rani suka dawo hannu rabbana. Daga arewa kuma Buzaye da Fulani suka gangaro, dabbobinsu sun ƙare, suka zube ƙarƙashin gawo a bayan gari. Kwamanda mai mulkin garin ya ba wani baturen mishan izini ya raba jar dawa, ya haɗa shi da soja biyu masu bulala. Baturen Hausarsa ta gaisuwa ce kawai, saboda haka aka nemo Tanko ya yi tafinta.

Shi ma baturen ba don Allah kaɗai ya zo ba. Ba ya buɗe buhu sai ya yi wa'azi, mutane na tsaye cikin rana, yara na kuka a goye. Duk abin da ya faɗa, Tanko ne zai maimaita da ƙarfi, da Hausa, da Buzanci, da Fulatanci. Tanko ya tsani wannan wa'azi, yana yi yana istigfari a zuci. Amma ya san in ya yi shiru, tsohuwar da ba ta jin Hausa bulala za ta sha ta koma da ƙwarya wayam.

To, baki shi ke yanka wuya. Mutanen gari suka karɓi dawarsu tsaf, suka kai gida, sannan suka zauna suka ce ai Tanko ya bi Nasara, da kunnensu suka ji. Mutumin da ko asuba ba ta wuce shi a masallaci! Babu wanda ya tare shi ya tambaya. A tabarma dai aka fara tsallake akushinsa, a ci na kowa a bar nasa a rufe, har ya huce ya mai da wa Kande matarsa.

Ran nan Kande ta ce, “Malam, ka bar aikin nan. Yau ko turmi an hana ni aro.”

Ya bari. Baturen ya kira shi butulu, ya samo wani ɗan boko mai Faransanci da Hausa kawai, rabo ya koma ture-ture da duka. Tanko na jin ihun daga gidansa, zuciyarsa na tafasa, bai fita ba. Ya ɗauki kekensa da ya zo da shi daga Kano, abin da ya fi so bayan 'ya'yansa, ya sayar ranar kasuwa, ya auno gero na gaske. Ya ce wa Kande ta tuƙa tuwon da ba ƙwayar mishan ko ɗaya a ciki.

Bayan magariba ya sa wankakkiyar rigarsa, ya ɗauki akushi da kansa, ya yi sallama. Aka amsa ciki-ciki. Aka buɗe akusa, kowanne jajir, tuwon dawar mishan. Nasa kaɗai ne na gero, ƙamshinsa har kan hanya. Ya tura shi tsakiya.

“Bismilla, Alhaji. Na bar aikin. Wannan geron kasuwa ne, kekena na sai da.”

Alhaji Illa bai ko ɗago kai ba. Ya yanko lomar jar dawa, ya dangwali miya, ya haɗiye, sannan ya sa bayan hannu ya ture akushin Tanko har ya sauka daga tabarma.

“Mu nan ba mu cin abin da hannun ɗan mishan ya taɓa.”

Tanko ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ga Ɗanladi da suka kwana ɗaki guda a Ikko, ga Isufu da ya taɓa fiddawa daga hannun 'yan sanda da Yarbancinsa. Kowa ya sunkuya yana tauna. Tanko ya ce, “Alhaji, jan da ke yatsunka fa, daga gonar wa ya fito?”

Suka ci gaba da cin tuwonsu. Sun ci moriyar ganga sun ya da kwaurenta, ko kunya babu.

Tanko ya sunkuya ya ɗauki akushinsa, ya kakkaɓe ƙasar da ta hau murfin. Ruwa ya dawo a shekara ta gaba, baturen ya tafi, sojan ma daga baya suka tafi. Wasu sun zo suna cewa abin da ya wuce ya wuce, ya dawo tabarma. Tanko bai koma ba. Har ya mutu a zaurensa yake cin tuwo, shi kaɗai, ya juya wa ƙofa baya.